Shiga Taɓo Da Mota Ba Wasa Ba Ne

Wallahi abin da samari ke yi da damina yana ban tsoro, a cika Hilux da abokai a nufi fadama wai gwada ƙarfin mota. Taɓo ba ya nuna zurfinsa, kana taka totur taya na ƙara nutsewa har cikin motar ya zauna a ƙasa. In inji ya zuƙi ruwa kuwa sai bakanike, kuɗi ba kaɗan ba. Amma wurin ja ya fi haɗari, igiya ta tsinke ko ƙugiyar ƙarfe ta ɓalle ta yi kan wanda ke tsaye yana ɗaukar bidiyo. Birki ma in ya jiƙe ba ya kamawa da wuri, ku tattaka shi kafin hawa kwalta.