Laraba, kwana na uku a gefen gadon Auta

Ƙarfe shida saura sista ta shigo da sikeli ta ajiye a gaban gadonmu. Na kama hannu ɗaya, ta kama ɗaya, muka sauko da Auta a hankali. Kilo 65 da rabi. Na buɗe ɗan littafin da nake rubuta komai na duba, ranar Litinin da aka ba mu gado kilo 68 ne. Yarinyar da ko da tsohon ciki ba ta haura 62 ba, wadda kafin aure muke tsokana da cewa iskar hadari za ta ɗauke ta. Sista ta ce kilo biyu da rabin da suka tafi ba nama ba ne, ruwa ne, don lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya. Na yi lissafi a zuci, ledar fiya wata biyar ke nan ta fita daga jikinta a kwana biyu, kuma da sauran sama da ashirin. Kullum a lokaci ɗaya ake awon, bayan an zubar da fitsarin dare, kafin ta sa komai a baki, kuma a kan sikeli ɗaya. Ban taɓa zaton zan riƙa jiran lambar sikeli kamar mai jiran sakamakon jarrabawa ba.

Bari in rubuta yadda abin ya faro, don kada in manta. Mako bakwai ke nan da haihuwarta, haihuwar fari, ta dawo gida wanka wajen Inna. Bayan suna da 'yan kwanaki ƙafa ta fara tasawa. Kowa ya ce ai maijego ce. Silifa ya daina shiga. Daga idon sawu ya hau ƙwauri, ya hau cinya, ciki ya sake fitowa kamar ba ta haihu ba, har wata maƙwabciya ta yi mata barkwanci wai ko an bar ɗaya a ciki. Zoben hannunta sai da aka kira maƙeri ya yanke. Sannan barci ya gagara a kwance, sai ta jingina da bango ta kwana a zaune, tana tari. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta. Aka ƙara itace a murhu, aka ƙara ganyen darbejiya a tukunyar wanka, kunun kanwa ya koma safe da yamma. Ni ma da hannuna na dama mata sau biyu. Ranar Litinin ta kasa ƙarasa amsa sallamata saboda haki, shi ne muka ɗauko ta.

Wajen ƙarfe tara babban likita ya zo zagaye, ɗalibai biye da shi. Ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta na ɗan lokaci, ya ɗauke, wurin ya lotsa kamar an danna tuwo mai ɗumi, ya ƙi tasowa. Ya sa ta sunkuya ya danna ƙasan bayanta, nan ma haka. Ya ce wa ɗaliban wanda ya daɗe a gado ruwansa can yake taruwa, kada su tsaya a ƙafa kawai. Ya duba jijiyar wuyanta da ta cika ta tsaya, ya saurari bayanta ta ɓangarori biyu. Da ya gama da Turancinsu sai ya juyo gare ni.

"Ke ce yayarta?"

Na ce ni ce, ranka ya daɗe. Na tambaye shi abin da ke cina tun Litinin: ruwan nan daga ina yake, alhali ba wani ruwan kirki take sha ba?

Ya ce kumburi ba shi ne ciwon ba, ɗan aike ne. In ya game jiki gaba ɗaya haka, to wurare huɗu suke fara tuhuma: zuciya, ƙoda, hanta, sai rashin abinci mai gina jiki. Sun gwada fitsarinta ba su ga furotin yana zuba sosai ba, gwajin hanta ya yi kyau, ba ta da cutar hanta nau'in B. Hoton zuciya da aka yi jiya, wanda suke kira eko, shi ya nuna ɓarawon. Lafiyayyar zuciya a kowane bugu tana tura sama da rabin jinin da ke cikin babban ɗakinta, ta Auta kashi 30 cikin ɗari take iya turawa. Zuciyar ta buɗe, ta yi laushi. Jini yana komowa bai samun wucewa, sai ya taru a jijiyoyi, ruwan cikinsa ya riƙa tsattsafowa cikin nama da huhu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin ƙoda. Ita da ta ga jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta ɗauka jiki ya bushe, ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Wato tana ƙoƙarin taimako, tana ƙara wa borno dawaki. Ya ce ciwon sananne ne, yana kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, ko da ba su taɓa ciwon zuciya ba.

Ya tambayi magungunan da ta sha a gida. Na zazzage jaka, sai ga katin diclofenac da aka sayo mata a kemis saboda ciwon baya, saura biyu. Ya ɗaga shi ya nuna wa ɗalibai, ya ce shi da ibuprofen da danginsu suna sa jiki riƙe gishiri, suna kuma wahalar da ƙoda, kada ta sake kusantarsu. Na ji kunya, don ni ma shi nake afawa in kaina ya sara.

Da azahar Inna ta iso da jaririya a baya, da kwando. Tun kafin ta buɗe filas na ji ƙamshin. Kunun kanwa, da farfesun ƙafar sa da ya sha yaji da dunƙule. Na ce, "Inna, an hana." Ta dube ni irin kallon da take min tun ina 'yar firamare.

"Wa ya hana? Ku bakwai na haifa, duk da shi na yi jego. Uwata ma haka."

Auta ta rufe ido ta juya kai. Na rasa ta cewa, don in na ce kanwa ce ta ƙara mata, kamar na ce wa Inna ke kika kwantar da 'yarki. Allah Ya taimake ni, wata ƙaramar likita da ke rubutu a gadon kusa ta ji mu. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi wa jaririya wasa, sannan ta ce, "Mama, kanwa 'yar uwar gishiri ce. Sinadarin da ke cikin gishiri, sodiyam, shi ne a cikinta, kuma duk inda ya je ruwa na biye da shi. Mai lafiyayyar zuciya za ta sha ta fitsarar. Ita kuwa tata ta gaji, duk kofin da ta sha a jikinta yake zama."

Inna ta yi shiru, can ta ce, "To ni na ja mata ke nan?"

Amsar da likitar ta bayar ita ce abin da nake so in adana daga yau. Ta ce a shekarun 1970 likitoci a Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry na Jami'ar Ahmadu Bello, sun rubuta cewa ciwon nan ya yi yawa ƙwarai a tsakanin matan Hausawa, wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, kuma sun danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Amma binciken da aka yi daga baya ya nuna abin ya fi haka faɗi: akwai hawan jini lokacin ciki, akwai rama da rashin abinci, kuma ana samun ciwon a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan kanwa ba. Ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa kanwa ce ta kawo shi ba. Abin da take da tabbaci a kai shi ne, tunda ya zo, kanwa da gishiri itace ne a wutarsa.

Inna ba ta ce komai ba. Ta mayar da murfin filas ta ɗaure. Kunun, mai gadin ƙofa ya samu rabonsa da yamma, yana ta sa albarka.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda fahimtarmu ta zama tarko. Mun ce kumburi sanyi ne, maganin sanyi kuwa zafi da kanwa. Tana ƙara kumbura muna ƙara damawa. Babu mugu ko ɗaya a cikinmu, kowa so yake ta tashi.

Ɗakin nan makaranta ne in mutum ya buɗe ido. Matar da ke gadon hagu, ita ma a kumbure take sumul, amma nata daga ƙoda ne. Ta ce min nata a fuska ya fara, ta tashi da safe ido a rufe, fitsarinta yana kumfa kamar an zuba omo. Ƙodarta ce ke yoyon furotin ɗin da ake kira albumin, wanda shi ke riƙe ruwa a cikin jijiya. Tsohuwar da ke can lungu kuwa hanta ce, ita ce mai ƙera albumin ɗin, ta ƙeƙashe. Cikinta ya yi tulu, ƙafafu sun kumbura, hannuwa kamar kara, yau aka soka mata allura aka zuƙe ruwa a roba. Su uku, kumburi ɗaya a ido, magani daban-daban. Na tuna yaran da ake cewa sun yi ƙiba alhali yunwa ce ta kumbura musu ƙafa, da masu tallar magani a mota da lasifika, kwalba ɗaya wai tana maganin kowane irin kumburi.

Aikina na yini bai wuce awo da rubutu ba. Duk abin da ta sha sai na rubuta, har ruwan koko, an ce kada ya wuce lita ɗaya da rabi a wuni da kwana. Duk fitsarin da ya taru a jaka sista ta auna ta rubuta. Allurar Lasix, mai sa fitsari, sau biyu ta jijiya, kuma ba a rufa rabin awa sai jaka ta fara cika. Na tambayi sista me ya sa ba za a ninka ba a gama da shi yau. Ta yi dariya ta ce in aka janye ruwan da gaggawa jini zai faɗi, ƙoda ta ji rauni, kuma maganin yana tafiya da sinadarin fotasiyam wanda in ya yi ƙasa bugun zuciya ke rikicewa. Shi ya sa ake ɗibar jininta kusan kullum. Akwai kuma ƙaramar allurar da ake yi mata a fatar ciki don kada jini ya daskare, tunda zuciya mai rauni da zaman gado da jego duk suna jawo gudan jini. Fatar ƙwaurinta ta yi sheƙi, wuri ɗaya har ya fara tsattsafo da ruwa. An ce in riƙa juya ta, in shafa mai a hankali, in hana ta sosawa, don fatar da ta miƙe haka ba wuya ta fashe ta zama gyambo.

Ƙishirwa ce ta fi damunta. "Yaya, ko maƙurwa ɗaya." Na samo ƙanƙara na fasa ƙanana, tana tsotsa ɗaya-ɗaya, ita ma ina rubutawa.

Mijinta ya zo bayan la'asar da takardun biyan kuɗi cike da aljihu, fuskarsa ta faɗa. Likitar ta ja shi gefe, ni ma ta yafito ni. Ta ce mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa cikin watanni in sun riƙe magani, wasu kuwa ba ta dawowa daidai, kuma yanzu ba wanda zai iya cewa ga layin da Auta za ta bi. Ko kumburi ya saɓe kar a ajiye magani. Za a sake hoton zuciya nan da wata shida. Sannan ta sassauta murya ta ce maganar wani ciki a jingine ta tukuna, a je sashen tazarar haihuwa kafin a sallame su, don ciki a kan zuciyar da ba ta warke ba yana iya tafiya da rai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In dai za ta tashi, Dakta." Nono kuwa an ce ta ci gaba da bayarwa, an zaɓar mata magungunan da suka dace da shayarwa.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna. An rage fitilu. A karon farko cikin mako biyu Auta ta kishingiɗa a kan filo uku maimakon zama, kuma ta yi barci, har da ɗan minshari. Jaka ta nuna lita biyu da ɗan ɗori tun safe. Na lura fatar bayan ƙafarta ta fara yamutsewa, na daɗe ina kallon tamojin kamar wani abin ado.

Ɗazu wayata ta yi ƙara, Inna ce, ita da ba ta wuce isha'i a farke. Ba ta tambayi jikin ba ma. Cewa ta yi, "Ke, tambayar min likitar nan gobe. In ba gishiri, ba dunƙule, ba kanwa, daddawa fa? Da citta da tafarnuwa? Miyar kuka nake so in kaɗa mata da safe." Na ce zan tambaya. Na rubuta a saman shafin gobe, sama da inda zan sa lambar sikeli.