Daga Maraɗi zuwa Gadabeji, wurin raƙuman dawa

Da asuba muka bar Maraɗi a kat-kat. Bayan Tibiri muka miƙi arewa, muka wuce Kornaka, hantsi ya same mu a Dakoro. Daga nan sai rairayi. Gonakin hatsi suka yi ta raguwa har suka ɓace, aka bar mu da aduwa da garken shanun Bororo.

Tun 1955 aka keɓe gandun Gadabeji, faɗinsa kusan hekta 76,000. Fari da farauta sun kawar da raƙuman dawansa a shekarun 1970. Sai a Nuwamban 2018 aka kwaso 8 daga Kure, kusa da Yamai, tafiyar sama da kilomita 800, aka kuma ƙaro 4 a 2022.

"Malam direba, kashe mota," in ji ma'aikacin gandun dajin da ya raka mu. Ga wata mace tsaye gindin aduwa, fatarta fara-fara, dabbarenta ja mai haske. Tana zura dogon harshe tsakanin ƙayoyi tana zage ganye, ko a jikinta. Mu ma ba ta ɗauke mu bakin komai ba.

Abin da ya dame ni ina kallonta shi ne asalinta. A 1996 raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma 49 kacal suka rage a duniya, duka a Nijar. Yanzu sun haura 600, amma kowannensu tsatson waɗancan 49 ne. Kawuna sun yawaita, jini na nan ɗaya. In wata cuta ta fi ƙarfin ɗaya, mai yiwuwa ta fi ƙarfin sauran. Ba kuma inda za a aro sabon jini, don gwajin ƙwayoyin halitta a 2007 ya nuna waɗanda ke gidajen namun daji na Turai irin Kordofan ne, wato na Afirka ta Tsakiya, ba namu ba.

Na yi wa wani dattijon makiyayi wannan bayani a bakin rijiya. Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, mu bajimi ba ya daɗewa a garke. Kafin ya hau 'ya'yansa mun canja shi."

To su raƙuman dawa wa za su canja da shi? A ganina ƙaurar Gadabeji ba ta warware wannan ba. Amfaninta shi ne annoba ko fari kar su riski garken duka a wuri guda, musamman da gonaki ke cinye dajin Kure.

Magariba ta cim mana kafin Dakoro, taya ɗaya ta sace, can muka kwana.