Abin da kwalayen fina-finai suka koya mini game da Legas

Aikin da aka ɗauke ni in yi a ɗakin wata mai zane da ke Yaba ba shi da wani kwarjini. Ita da tsofaffin fastocin fina-finai da kwalayen kaset take haɗa aikinta, sai hotunan da take tsakurowa daga cikin fina-finan kansu. Nawa shi ne in shiga kasuwannin Idumota da Alaba in sayo abin da 'yan kasuwa suka jibge a bayan shago, in kaɗe ƙura, in shigar da hotonsu a kwamfuta, in rarraba. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini: kada in raba su da sunan jarumi ko da shekara, in raba su da abin da ke bayan jarumin, ko falo ne, ko titi, ko ƙofar gida.

Sai da tarin ya yi tsawo sannan na gane inda ta dosa. Na shekarun da suka biyo bayan 1992, lokacin da Kenneth Nnebue ya fitar da fim ɗin Living in Bondage a kaset kasuwar fina-finan Kudu ta buɗe, kusan duk a cikin falo suke: manyan kujeru, labule mai nauyi, Marsandi a tsakar gida. Dalilin bai wuce kuɗi ba. Mai ƙaramin jari gida yake ara ko ya kama haya, ya gama ɗauka cikin 'yan kwanaki, ga shi kuma titin Legas ba ya yi wa kowa shiru. Bayan Silverbird ta buɗe sinima a Victoria Island a 2004, masu kallo suka sauya, jari ya ƙaru, kyamara ta fito waje. Da aka buɗe gadar Lekki zuwa Ikoyi a 2013 kuwa, sai ta zama kamar gishiri a miya. Da wuya ka ga fim na masu hannu da shuni da ba a hasko ta daga sama ba.

Ni da nake kwana a Agege na san tasirin wannan. Yaro zai sauka daga motar Katsina, bai gama hutawa ba yana tambaya a kai shi gadar nan ya yi hoto, don ita ce Legas ɗin da ya sani kafin ya zo. Kasuwar Mile 12 kuwa, inda ake sauke tumatir da tattasai da albasar da garin ke ci tun kafin asuba, ban same ta a kwali ko ɗaya cikin waɗanda suka ratsa hannuna ba.

Tarin ƙofar gida shi ya fi ci mini rai, domin a nan kaɗai mu Hausawa muke fitowa. Maigadi ne da rediyo a kunne da buta a gefe, yana gwamutsa Turanci don a yi dariya. Alhali fataucin goro da shanu ya daɗe da zaunar da Hausawa a garin nan, ga layin dogo da ya haɗa Legas da Kano tun 1912. Na so a ce mai zanen ta rubuta raddi mai zafi a bangon ɗakin baje koli. Ba ta yi ba. Ta yanke jaruman da almakashi ta ajiye gefe, ta bar falon da gadar wayam, shi kuma maigadin ta faɗaɗa hotonsa har ya kai tsayin bango. A gaban wannan hoton baƙi suka fi daɗewa a tsaye. Irin dabarar Emeka Ogboh ce ta wata fuskar, mai fasahar sauti wanda ya naɗi kiran kwandastocin danfo, motocin hayar Legas, ya kai ɗakunan baje koli aka zauna ana saurare. Daga nan na daina ganin sai an ɗaga murya ake mayar da magana.

Ranar da aka rataye aikin na gayyato wani dattijo mai sayar da goro a unguwarmu. Ya ƙura wa maigadin ido, ya ce, "Ɗana, wannan ai ba namu ba ne. Dubi yadda ya kafa hular."

Na ce, "Baba, ɗan wasa ne aka sa masa kaya."

Ya ce, "To, ina na Kano? Mu a gida su muke kallo."

Da na fassara wa mai zanen tambayar sai ta yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. A gidajenmu na Agege da Idi-Araba Arewa24 ce a kunne, yaran da aka haifa a Legas sun san lungunan Kano a fim tun ba su taɓa taka ta ba. Gari biyu suke gani a allo, kuma babu unguwarsu a ko ɗaya. Ta ce in fara sabon tari na fina-finan Hausa da ake kallo a Legas. Nan aikin ya tsaya mini a wuya, don kwalayen sun yi ƙaranci. Yanzu a teburin masu tura fim a waya ake saye, ba kwali ba fasta. Teburan nasu nake bi ina ɗauka hoto, da jerin sunayen fina-finan da suke rubutawa a kwali da alƙalami.