Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ina Digirin Turanci Yake Kai Mutum?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Makon jiya mun tsaya a aji huɗu, ana ta fama da firojet. Kafin labari ya ci gaba, bari a amsa tambayar da kowane ɗalibin sashen Turanci ya ji har kunnensa ya gaji: "To in ka gama, koyarwa ke nan?"

Koyarwa na ciki, kuma ba abin rainawa ba ce. Mai son koyar da Turanci a ƙasashen waje, takardar da aka fi tambaya ita ce CELTA ta Cambridge: horon awa 120, da koyarwar awa 6 a gaban aji ana auna shi, cikin mako huɗu zuwa biyar. Akwai kuma aikin jarida, fassara, rubutun talla da gyaran rubutu. A duk waɗannan ba mai tambayar makin da ka ci a darasin Shakespeare. Shafi biyu za a miƙo maka, a ce gyara mu gani.

Gyaran nan hawa uku ne, kuma kuɗinsu daban. Akwai duba ginin littafi gaba ɗaya, akwai bin jimla ɗaya bayan ɗaya, sannan duba shafukan da aka riga aka tsara kafin a kai maɗaba'a. Sabon shiga yakan cakuɗa su: an ba shi duban ƙarshe, sai ya hau sake wa marubuci salo, shafuka su goce, a koma tsari daga farko. Mai gyara na ƙwarai yana ajiye takarda guda yana rubuta duk shawarar da ya yanke. In ya zaɓi "colour" irin na Ingila a shafi na 3, ba za a tsinci "color" irin na Amurka a shafi na 90 ba. Kuma yana kunna Track Changes a Word, don mai rubutu ya ga kowane waƙafi da aka taɓa.

Sai adabi, inda hazaƙa ke yawan asara saboda rashin karanta ƙa'ida. Gasar gajeren labari ta Commonwealth kyauta ake shiga, daga 1 ga Satumba zuwa 1 ga Nuwamba, kalma 2,000 zuwa 5,000. Zakaran kowane yanki yana samun fam 2,500, gwarzon gaba ɗaya fam 5,000. Sharaɗin shi ne labarin bai taɓa fitowa ko'ina ba. To fa, a nan ake faɗuwa. Wanda ya ɗora labarinsa a Facebook don abokai su yaba, a wajen yawancin editoci ya riga ya buga shi. Haka wanda ya bar sunansa a cikin fayil alhali alƙalai ba sa son sanin mai rubutu, ko ya zarce adadin kalmomi: ba a ma karantawa.

Kyautar Caine ta gajeren labari ga marubutan Afirka, mai fam 10,000, akasin haka take. Labarin da aka riga aka buga take karɓa, kuma mawallafi ne ke turawa, ba marubuci ba. Helon Habila, wanda ya karanta Turanci a Jami'ar Jos, ya ci ta a 2001. Tallafin Miles Morland kuwa, wanda ake ba marubutan Afirka don su rubuta littafi, fam 18,000 ne a shekara, amma sai ka nuna aikin da aka buga maka, kuma kowane wata ka kawo kalma 10,000.

Ka ga ke nan tsani ne, matakin farko kuma mujallar adabi ce. Ka tura rubutu da harafin Times New Roman lamba 12, da tazara biyu tsakanin layuka, da gajeriyar wasiƙa. In ka tura wa mujallu da yawa a tare, ɗaya ta karɓa, ka janye daga sauran ranar nan. A yarjejeniya ka duba cewa damar bugun farko kaɗai ka bayar, haƙƙin mallaka yana hannunka. Wanda ya ce ka biya shi kafin ya buga maka, aikin ɗab'i yake sayar maka, kuma Caine ba ta karɓar abin da mutum ya buga da kansa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan firojet da ranar kare shi.