Mako na bakwai: layi ɗaya na gyara, kwana tara ina rabon faci

Salam 'yan uwa masu koyo. Makon jiya kun ji ni shiru, ba lalaci ba ne wallahi, wani aiki ne da na ɗauka na yini ɗaya ne ya cinye mani kwana tara.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, 'yar manhajar da nake koyon aiki a kanta ita ce mai rage nauyin hoton fasfo da takardu kafin a ɗora su a fom na intanet. Da Python na rubuta ta, Pillow ke sarrafa hoton, lasisinta GPL ne, kuma masu kafe shida ke amfani da ita nan cikin Katsina. To ranar Asabar na ce bari in gwada pip-audit da nake ta jin labari, mai duba ko akwai sananniyar ɓaraka a kayan Python da manhaja ta dogara da su, ina kunna shi sai ga shi ya nuno Pillow 9.5.0 da na ƙulle tun farko ban sake waiwaya ba. A cikinta akwai tsohon libwebp, wato abin da ke buɗe hotuna nau'in WebP, mai ɓarakar tsaro da ake kira CVE-2023-4863, wadda ta sa Chrome da Firefox suka fito da gyaran gaggawa a Satumbar 2023. Yadda abin yake, mutum zai ƙera hoton WebP da gangan, manhaja na buɗe shi sai ya yi rubutu a wajen iyakar da aka ware mashi a cikin memori, daga nan ana iya cusa umarni. Ita kuwa tawa aikinta kenan tun safe har dare, buɗe hotunan da baƙi suka turo daga wayoyinsu. Kunya ta kama ni sosai, Pillow 10.0.1 ta toshe wannan tun a watan, ni ina nan ina barci.

Gyaran kanshi ba komai. Na ɗaga lambar Pillow a requirements.txt, fayil ɗin da ke jera kayan da manhajar ke buƙata, abu ɗaya ya fashe, Image.ANTIALIAS da aka cire a Pillow 10, na mayar da shi LANCZOS, minti goma an gama. Sai na zauna ina murna ashe ko fara aikin ban yi ba.

Na fara da Linux. Kunshin deb ɗina, irin wanda ake sakawa a Debian, bai ɗauke da Pillow a cikinshi, dogaro yake da python3-pil, wato Pillow na tsarin, shi kuma yana amfani da libwebp na tsarin. Da na duba a Debian 12 na ga har yanzu 1.2.4 ne, alhali gyaran a 1.3.2 ya fito, gabana ya faɗi. Sai da na karanta apt changelog, wato bayanin canje-canje daga apt mai saka manhajoji da sabunta su a Debian, na gane wutsiyar +deb12u1 da ke ƙarshen lambar ita ce labarin. Su 'yan Debian ba sa ɗauko sabon fitowa gaba ɗaya, facin kawai suke cirowa su liƙa a kan tsohon, kamar yadda mai faci ke yi wa tayar mashin ba tare da ya canza ta ba. Don haka duk wanda ke yin apt upgrade ya daɗe da tsira ba da sanina ba. Amma AppImage da na yi don burgewa, wanda na cusa komai a ciki, shi ramin na nan yadda yake, dole na sake gina shi. Gaskiya ina tunanin daina fitar da shi ma.

Windows ne ya sha ni, kuma can ne kusan duk masu amfani da ita suke. PyInstaller na kwashe Python da Pillow da libwebp ya dunƙule su, Inno Setup ya naɗe su a fayil ɗin sakawa, to duk abin da ka dunƙula ya zama naka, ba wani apt da zai zo ya share maka hawaye. Na gina sabo, na gwada, sai shuɗin allon SmartScreen ya fito yana gargaɗi tunda fayil ɗin ba sa hannun satifiket mai shaida wanda ya fitar da shi. Na duba batun satifiket ɗin, da dala ake saye duk shekara, kuma tun Yunin 2023 sai makullin sa hannun ya zauna cikin na'ura ta musamman, ba a fayil kawai ba. Na rufe shafin na sha ruwa. Sannan ga kwamfuta biyu da ke kan Windows 7 har yau, wanda aka daina tallafawa tun Janairun 2020. Python 3.8 ne na ƙarshe da ke hawa kanshi, Allah ya taimake ni Pillow 10 na karɓar 3.8, amma shi 3.8 ɗin ma an daina yi mashi gyara tun Oktoban 2024. Na yi masu gini na daban dai, ina sane faci ne a kan taya da ta riga ta suɗe.

Mac ba ni da ita. GitHub Actions, mai gina manhaja a kwamfutocin GitHub, ya gina mani, ban biya dala 99 ta shekara don tantancewar Apple ba, mutum ɗaya ke amfani da shi, na kira shi na nuna mashi inda zai ba da izini.

Sai rabon. Ni a tunanina in na ɗora a GitHub na sanar shi kenan, kwana uku ba wanda ya sauke. Ashe manhajar ba daga can take yawo ba, a filash take tafiya hannu zuwa hannu, wasu ta WhatsApp, har na tarar da tsohon fayil ɗin a wani shago wajen Ƙofar Ƙaura wanda ban taɓa ba su ba, an canza mashi suna ma. Haka na hau mashin cikin ranar nan ina bi shago shago. Wani dattijo mai kafe ya dube ni ya ce, injiniya abin da ke aiki lafiya me ya kai ka taɓa shi? Na ce Alhaji ƙofar baya ce a buɗe, ɓarawo bai shigo ba tukuna. Ya ce to bari layi ya ragu. Na zauna kan benci har la'asar, ana zuwa kaina aka ɗauke wuta, sai washegari na koma.

Wancan fayil mai canjin suna shi ya fi tsaya mani a rai, don ba ni da hanyar sanin ko ainihin wanda na fitar ne ko an taɓa shi. Na tuna badaƙalar xz, manhajar matse fayil, ta Maris 2024, inda abin da aka naɗe aka raba wa mutane a 5.6.0 da 5.6.1 ya bambanta da abin da ke fili a git, ma'ajiyar rubutun manhajar. Shi ya sa yanzu na daina gini a laftof ɗina, duka ukun Actions ke ginawa daga tag, wato alamar fitowar da na saka a git, ya kuma fitar da SHA256 na kowane fayil, lambar da ke canzawa da zarar an taɓa fayil ɗin. Ko masu kafe za su duba shi? Ko ɗaya. Amma ni in na je shago zan iya dubawa da certutil da ke cikin Windows.

Abin da ke gabana wannan makon shi ne manhajar ta riƙa leƙa wani ɗan fayil in ta samu intanet, ta faɗa da Hausa cewa akwai sabon gyara, ba ta sauke da kanta ba saboda data. Sai dai dole fayil ɗin ya zama da sa hannu, in ba haka ba hanyar gyaran ce za ta koma hanyar shigowa. Ina tsakanin manhajojin sa hannu biyu, GPG da minisign, na fi karkata ga minisign don ƙanƙantarshi. Wanda ya taɓa tantance sa hannun Ed25519, irin wanda minisign ke amfani da shi, daga cikin Python 3.8 don Allah ya nuna mani yadda ya yi, kuma ku faɗa mani a ina kuke ajiye makullin sirrin, nawa dai yanzu yana cikin filash a aljihun 'yar shara.