Daga Kakuri zuwa Ƙofar Wambai

Kwamitin makarantar unguwarmu ne ya aike ni Kano in sayo wa ɗalibai yadin makaranta da takalma, da sharaɗin su zama ƙirar gida. Kafin in kama hanya sai da na bi ta Kakuri, domin a Kaduna maganar yadi daga can take farawa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL), zamanin Sardauna, daga baya masaƙun Arewa Textiles da United Nigerian Textiles (UNTL) suka biyo. KTL ta rufe a 2002. Ciyawa ce yanzu a harabarta. Wani dattijo mai shayi a bakin titi, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya ce mini: "Ɗana, da idan aka busa jiniyar tashi, kekuna ba sa barin mota ta wuce a titin nan." Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Manomin auduga a Funtua da Gusau, da mai gurza ta, da direban da ke ɗauko ta, duk a jikin masaƙun nan suke ci.

Mun wuce Zariya ba mu tsaya ba, muka shiga Kano da la'asar.

Washegari na nufi Kantin Kwari. Kaya maƙil har rufin shaguna, atamfa da shadda da leshi, amma da na ce yadin gida nake nema sai aka fara tura ni daga wannan layi zuwa wancan. Wani ɗan kasuwa ya zaunar da ni ya yi mini lissafi. Masaƙar da ke kwana kan janareta tana shan dizal ba za ta iya karawa da kayan China ba, balle wanda ya shigo ta fasa-ƙwauri bai biya kwastan ko sisi ba. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya daina ba masu shigo da yadi dala a farashin gwamnati, amma hana dala ba ya kawo wuta, kuma ba ya shuka auduga. Sai da yamma na samu farin yadi saƙar gida, shi ma bai kai abin da muke buƙata ba.

Takalmi kuwa labarinsa daban ne. A wajen Ƙofar Wambai na zauna rumfar wani baduku ina kallon aikinsa. Ya shimfiɗa kirgi, ya ɗora kwalin awo ya zana, ya yanka da wuƙa a tashi ɗaya. Yaronsa ya shafa gam a tafin takalmin, suka bari ya sha iska kafin a haɗa a daddanne da guduma. Na tambaye shi me ya fi damunsa, ya ce: "Malam, fata. Mai kyaun majemun Challawa da Sharaɗa waje suke kai ta, ta shanu kuma rabi ta tafi tukunya a matsayin ganda." Wannan ya tsaya mini a rai. Fatar jan akuyar Sakkwato ce tun da daɗewa ake ƙetara Sahara da ita, Turawa suna kiranta fatar Maroko, ga shi har yau mu ne ke jeme ta wasu su ɗinka su sa sunansu.

A ganina gyaran ba ya buƙatar dogon taro. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya ce ma'aikatun gwamnati su fifita kayan gida. Da za a bi shi a kan kakin sojoji da 'yan sanda da zannuwan asibiti da takalman masu yi wa ƙasa hidima kawai, da masaƙu sun samu cinikin da zai sa banki ya yarda da su.

Na ba badukun nan aikin takalman ɗalibanmu duka, na biya rabin kuɗin, muka yi alkawarin zai gama kafin a dawo daga hutu. Ragowar yadin kuma an ce in gwada Funtua, can na nufa da na baro Kano.