Abin da PostgreSQL 9.6 ya koya mini

A wani kamfanin sarin magunguna da na yi wa aiki a Kano, akwai wata sabar, wato kwamfutar da sauran kwamfutoci ke ɗaukar bayanai daga gare ta, da ke ƙarƙashin teburin akanta, ƙura ta lulluɓe ta, ba mai kusantar ta. A cikinta rumbun bayanan kamfanin yake, PostgreSQL 9.6, wanda ya fito a 2016. Ranar da na fara aiki a 2022, wanda na gada ya nuna mini ita ya ce, "Ɗan'uwa, wannan lafiyarta ƙalau, kada ka taɓa ta." Na ji maganarsa har kusan shekara.

Abin dariya, duk kwalin da ke shiga sito sai an duba ranar lalacewarsa, amma babu wanda ya tuna cewa manhajar da ke ajiye waɗannan ranakun ita ma tana da nata wa'adin. Masu kula da PostgreSQL suna fitar da babbar siga sau ɗaya a shekara, su riƙe ta shekara 5 suna toshe mata ramuka, daga nan su saki. Wa'adin 9.6 ya cika tun Nuwamba 2021. Wato tun kafin in zo, babu sauran facin tsaro da zai zo mata, ko da wani ya gano ɓaraka.

Ni kaina ban fahimci lambobin ba da farko. Na ɗauka tashi daga 9.5 zuwa 9.6 ƙaramin gyara ne, ashe kafin siga ta 10 lambobi biyun farko su ne babbar siga. Ƙananan faci kuwa suna fitowa akalla sau huɗu a shekara, a Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba, kuma ba su da wahala: ka sauya manhajar, ka sake kunna ta, shi ke nan. Ko waɗannan ma ba a taɓa yi wa tamu ba.

Da na samu Alhaji, mai kamfanin, da maganar, tambayarsa ɗaya ce: "To yanzu me ya lalace?" Na ce babu. Ya ce a bari sai bayan sallah. Gaskiya ban ga laifinsa sosai ba, domin yana da wuya mai kasuwa ya kashe kuɗi a kan abin da idonsa bai gani ba.

Bayan sallah muka yi tsallen daga 9.6 zuwa 15 a daren Juma'a, da janareto a kunne. Siga shida a lokaci ɗaya. Tun a gwajin farko pg_upgrade, manhajar da ke ɗaga rumbun zuwa sabuwar siga, ya ƙi tafiya, saboda wasu tsoffin teburan bayanai an gina su da OIDS, wato ɓoyayyun lambobin shaida na kowane layi, abin da aka cire tun siga ta 12. Muka gyara, muka wuce, asuba ta yi muna murna.

Wahalar ta zo daga baya, a hankali. Mako biyu da gamawa, wata ma'aikaciya ta canza kalmar sirrinta, sai manhajar da ake sayarwa da ita a kan kanta ta ƙi buɗewa. Layin masu saye har bakin ƙofa, ita kuma tana kallona, "Malam, me na taɓa?" Ba ta taɓa komai ba. Daga siga ta 14, PostgreSQL na ajiye sabuwar kalmar sirri ne da tsarin scram-sha-256, ita kuwa tsohuwar manhajar sayarwar, tsohon tsarin md5 kawai ta sani. Da za a buɗe sabon reshe kuma muka ƙirƙiri sabon rumbu, asusun manhajar ya kasa ƙirƙirar tebur, domin siga ta 15 ta daina ba kowa da kowa wannan izini kai tsaye. Duk an rubuta waɗannan a takardun fitowar kowace siga. Da mun bi su shekara-shekara, da ɗaya-ɗaya za su zo mana.

Yanzu a bangon ofishina akwai takarda da na manna da salatif. A kanta na rubuta PostgreSQL 15, Nuwamba 2027. Ƙasa da shi MySQL 8.0, rumbun bayanan shafin intanet na kamfanin, Afrilu 2026. Alhaji ya taɓa tsayawa ya karanta, ya tambaye ni ko lissafin bashi ne.